Gardamata da Kawu kan waƙoƙin rok

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya dawo daga karatu a Ingila a farkon shekarun 1980 da akwati biyu. Ɗaya na tufafi da littattafai, ɗaya cike da faya-fayen garmaho da kaset-kaset. A ɗakinsa na soro na fara jin kiɗan da Turawa ke kira rok, ina ɗan firamare, lokacin da Turancina bai wuce gaisuwar malami ba. Yau shekara 40 ke nan da ɗoriya. Kansa ya yi fari fat, ni ma furfura ta fara leƙo ni, amma har gobe in na je gaishe shi, da an gama tambayar iyali da gajiya, sai gardamarmu ta tashi daga inda ta kwana. Shi a wurinsa ba a taɓa yin waƙar rok da ta kai "Stairway to Heaven" ta Led Zeppelin ba, kuma wanda duk ya ce an yi, to ya je a wanke masa kunne. Ni kuma na ce an yi, a kan faifai ɗaya ma suke da ita, sai dai tawa tana can ƙarshe inda allura ke isa bayan mutane sun tashi. In na matsa, sai ya ce, "Kai yaro, abin da babba ya hango…" ya bar ni in ƙarasa da kaina.

Gardamar ba tamu ce mu kaɗai ba. Turawa sun mai da ita sana'a. Mujallar Rolling Stone ta fitar da jerin waƙoƙi 500 da ta ce sun fi kowanne a 2004, ta ɗora "Like a Rolling Stone" ta Bob Dylan a sama. Da ta sake jerin a 2021, sai ga "Respect" ta Aretha Franklin a kan kujerar, waƙar da ba ma rok ba ce. Waƙoƙin suna nan yadda suke, masu jefa ƙuri'ar ne aka sauya. Shi ya sa ban damu da jeri ba. Tambaya biyu nake yi wa waƙa: me ta ce, kuma me ta haifa? Na daɗe ina zaton amsoshin tare suke tafiya, wato waƙar da ta fi magana ita za ta fi zuriya. Da na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na tarar ba haka abin yake ba, kuma wannan ya ɗan ɓata min rai, don ni Bahaushe ne. Mu da magana muke auna mawaƙi. Kalangun Shata suna da daɗi, amma abin da ake maimaitawa a majalisa shi ne abin da ya faɗa. Ɗan Maraya kuwa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, aka saurara saboda gaskiyar da ke ciki. Da wannan kunnen na je wa rok, ya kuwa ba ni kunya.

Bari in fara da ta Kawu, don girma. "Stairway to Heaven", wato matakalar hawa sama, ta fito a Nuwamban 1971, tsawonta minti 8 da 'yan daƙiƙu. Ba na musun gininta. Tana farawa da sanɗa, gitar katako da wani abin busa mai kama da sarewa, ganga ba ta shigowa sai an wuce minti 4, daga nan abu ya yi ta hauhawa har Jimmy Page ya saki gitar lantarki, Robert Plant ya ƙure murya. Wannan tsari na somawa da rarrafe a ƙare da sukuwa ya zama gwadabe ga makaɗan shekarun 1980, duk mai dogon gashi sai ya yi tasa. To amma me take cewa? Farkonta a fili yake: wata mata ce mai ganin kuɗi na sayen komai, har da hanyar sama. Daga nan sai kalmomin su faɗa daji, ga tsuntsu, ga sarauniya, ga mai busa, ba ka san wanda ya aiko wani ba. Wannan duhun ne ya ba wasu masu wa'azi a Amurka dama a farkon shekarun 1980 suka ce in an juya faifan baya ana jin yabon Shaiɗan. Na taɓa sauraron juyayyen. Gurnani na ji, irin wanda sai an gaya maka abin da za ka ji kafin ka ji shi. Shi kansa Plant ya ba da labarin cewa ya taɓa ba wani gidan rediyo a Amurka gudummawa saboda sun yi alkawarin ba za su taɓa saka waƙar ba. Duk ranar da na tuna wa Kawu wannan, sai ya ce gajiya ce irin ta mai tuwo da tuwonta.

Ta biyu a wurinsa ita ce "Bohemian Rhapsody" ta Queen, ta 1975, wadda ta yi mako 9 a saman jerin ciniki a Ingila duk da cewa ta kusa minti 6 kuma ba ta da amshi. Saurayi ne ke gaya wa uwarsa ya kashe mutum, sai kwatsam a koma wasan muryoyi irin na opera, sai a barke da gita, sai a lafa. Muna yara abin da muke jira a cikinta shi ne inda ake cewa Bismillah, mu yi ta mamakin yadda kalmar ta shiga bakin Bature. Daga baya na san cewa mawaƙinta Freddie Mercury a Zanzibar aka haife shi a 1946, sunansa na yanka Farrokh Bulsara, iyayensa 'yan asalin Indiya ne mabiya addinin Zoroasta, kuma juyin juya halin 1964 ne ya kore su zuwa Ingila. Har ya mutu a 1991 bai fassara waƙar ba. Ina sonta, amma ita kamar alfadari ce, ga kyau ga ƙarfi, ba haihuwa. Wanda duk ya kwaikwaye ta sai ya zama abin dariya.

In magana ake so, ga inda take. "Fortunate Son" ta Creedence Clearwater Revival, ta 1969, ba ta kai minti biyu da rabi ba. Da Hausa sunanta ɗan gata. Lokacin Amurka na kwasar samari dole tana kai su yaƙin Biyetnam, inda sojojinta sama da dubu 58 suka mutu, ban da miliyoyin 'yan ƙasar da ba a cika ƙirga su ba. Amma dokar tana da ƙofar baya: wanda ke jami'a ana ɗage masa kira, wanda ubansa ya san likita ko ya san wani a sama yakan sami takarda. Ɗan makanike da ɗan manomi su ne ke shiga jirgi. John Fogerty, mawaƙin ƙungiyar, wanda shi ma ya sa kaki a rundunar ko-ta-kwana, ya ce auren jikan tsohon Shugaba Eisenhower da 'yar Shugaba Nixon na cikin abin da ya tunzura shi, kuma cikin kamar minti 20 ya rubuta ta. Bai kama sunan kowa ba. Ɗan sanata, ɗan attajiri, ɗan babban soja, ya jera su yana cewa shi ba ɗayansu ba ne, kuma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ban san wata waƙar rok da ta fi ta fito da magana fili ba. Ko a nan, duk wanda ya taɓa tsayawa layin neman aiki ya ga an shigar da wani ta ƙofar gefe ya san abin da ake nufi.

Sai ka duba abin da ya same ta. Wani kamfanin wandon jins ya yanki layukanta na farko, inda ake maganar masu kaɗa tuta, ya jefar da sauran, ya yi talla da ita kamar waƙar kishin ƙasa. Fogerty bai iya hanawa ba, don a lokacin haƙƙin waƙoƙinsa ba a hannunsa yake ba, sai a 2023 ya sayo mafi yawansa. A yaƙin neman zaɓen 2020 kuma aka riƙa saka ta a tarukan Donald Trump, ɗan attajirin da aka ɗage wa kiran soja sau biyar a zamanin wannan yaƙin. Fogerty ya aika takardar lauya. Jama'ar da ke wurin Turanci ne harshensu na uwa, suna jin kowace kalma, suna tafi. Irin wannan ta faru da "Born in the U.S.A." ta Bruce Springsteen a 1984. Kukan tsohon soja ne da ya dawo daga Biyetnam ya tarar ba aiki ba mai kula, amma gangar tana dukan ƙirji kamar ta faretin nasara, har Shugaba Reagan ya ambaci sunan mawaƙin a jawabin neman zaɓe a New Jersey a matsayin alamar fata nagari. Kiɗan ya danne maganar, ya zauna a kanta.

Kawu yakan ce na cika zaƙewa, ya kawo min "Ohio". Yana da gaskiya a nan. Ranar 4 ga Mayun 1970 dakarun jihar Ohio suka harbe ɗalibai 4 a jami'ar Kent State yayin zanga-zangar ƙin yaƙi, Neil Young ya ga hotunan a mujalla ya rubuta waƙar, cikin 'yan makonni tana rediyo da sunan Nixon ƙarara a ciki, wasu gidajen suka ƙi saka ta. Wannan kam magana ce ta isa inda aka aike ta. Sai dai zafinta na lokacinta ne, yau sai an yi wa yaro darasin tarihi kafin ya gane ta. Yakan kuma kawo "Another Brick in the Wall" ta Pink Floyd, ta 1979, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta a 1980 bayan ɗaliban da ke ƙaurace wa makarantu sun mai da ita takensu. Ni kuwa wannan misalin a wajena yake. Roger Waters, marubucin waƙar, da malaman Ingila masu izgili da muzanta yara yake, bai da ɗaliban Cape Town a zuciya. Su ne suka ɗauki amshi mai sauƙin rerawa da kiɗa mai sa taka ƙafa, suka zuba nasu ciwon a ciki.

To in maganar tana ɓacewa a hanya, me ke isa? Abin da ke isa shi ne ɗan gajeren karin gita ko na ganga da ake maimaitawa, wanda ni nake kira take, don aikinsu ɗaya da taken sarki ko na ɗan dambe: da an kaɗa, kafin maroƙi ya buɗe baki, an san wa ake nufi. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks, yana ɗan shekara 17, ya sa reza ya tsaga takardar lasifikarsa don sautin ya fito a dagule, aka yi "You Really Got Me". Kalmominta ba su wuce na saurayin da budurwa ta rikita ba, amma wannan ƙazamin amon ya zama kakan abubuwa da yawa. "Smoke on the Water" ta Deep Purple ba ta da wani saƙo sai rahoton gobarar da ta cinye gidan caca a Montreux na Suwizalan a Disambar 1971, bayan wani ya harba bindigar tartsatsi ana tsakiyar wasa, amma takenta shi ne abin da kusan duk mai koyon gita ke fara kaɗawa. Har ita "Stairway" ɗin, zuriyarta mafi kuzari su ne waɗanda suka tsane ta. Samarin da suka kawo kiɗan punk a tsakiyar shekarun 1970 sun gaji ne da waƙar minti 8 da gwanintar da talaka ba zai iya kwaikwaya ba, sai Ramones suka fitar da faifansu na farko a 1976, waƙa 14 cikin minti 29.

Labarin da ya fi burge ni a nan na Tony Iommi ne na Black Sabbath. Yaro ne ɗan Birmingham, garin masana'antu, yana da shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wata masana'antar ƙarafa inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya narka robar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya lulluɓe su da fata, ya koma amfani da tsirkiya sirara, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi. Sassautawar ta sa sautin ya yi ƙasa, ya yi nauyi da duhu, kuma a kan wannan nauyin aka gina abin da suke kira heavy metal, daga Metallica har zuwa su Nirvana da suka haɗa shi da punk a 1991. Waƙarsu "War Pigs", wato aladun yaƙi, ta 1970, tsinuwa ce ga janar-janar da 'yan siyasar da ke kunna wuta su tura 'ya'yan talakawa, kusan abin da Fogerty ya faɗa ne da muryar da ta fi tsoratarwa. Amma tambayi mutane a kan Black Sabbath, abin da za su tuna shi ne baƙaƙen kaya da zancen tsafi. Ba na wanke su, su ma sun yi ciniki da wannan tsoron, kuma rayuwar yawancin taurarin rok ta giya da ƙwaya ba abin da zan so wa ɗana ba ce. Abin da nake nunawa kawai shi ne, dubban ƙungiyoyi sun gaji yatsun Iommi, kaɗan ne suka gaji fushin waƙar.

Hujjata mafi ƙarfi daga gambarar zamani ta fito, wato hip-hop. "Walk This Way" ta Aerosmith, ta 1975, tana buɗewa da ganga zalla na 'yan daƙiƙu. Masu juya faifai a unguwannin baƙar fata na New York suka gano wannan gurbin, suna saka kwafi biyu suna maimaita shi, samari na zuba baiti a kai, ana ɗage allura kafin mawaƙin ya ce uffan. 'Yan Run-DMC sun yi shekaru suna hawa wannan gangar ba su san abin da waƙar ke cewa ba, kuma da furodusa Rick Rubin ya ce su rera ainihin kalmomin, da farko ƙi suka yi, suka ce shirmen ƙauyawa ne. Aka lallashe su, aka yi ta tare da Steven Tyler da Joe Perry na Aerosmith a 1986, ta kai ta 4 a jerin Billboard na cinikin waƙoƙi a Amurka, ta shigar da gambara gidajen Turawan da ba su taɓa sauraronta ba, ta kuma farfaɗo da Aerosmith da ke neman mutuwa. Daga wannan auren aka sami ƙungiyoyi irin su Rage Against the Machine da Linkin Park. Kalmomin waƙar kuwa batsa ce ta 'yan sakandare, ba abin da zan fassara a nan.

Yanzu ga tawa. Ita ce ta rufe faifan da "Stairway" ke kai, sunanta "When the Levee Breaks", wato ranar da jinga ta ɓalle. Ba Led Zeppelin suka ƙirƙire ta ba. Kansas Joe McCoy da Memphis Minnie, mata da miji baƙar fata masu kiɗan buluz, su suka naɗe ta a 1929, shekara biyu bayan ambaliyar kogin Misisipi ta 1927. An yi ta ruwa wata da watanni, kogin ya fasa ganuwar ƙasar da aka tare shi da ita a wurare da dama, ɗaruruwan dubban mutane suka rasa matsuguni. A garin Greenville aka tara dubban baƙar fata a kan jingar da ta rage, ruwa hagu ruwa dama. Jiragen ruwa sun zo kwashe su, masu gonakin auduga suka hana, don suna tsoron in leburorinsu suka tafi ba za su dawo ba. Aka sa su aikin dole, dakaru na tsaye da bindiga. Da ruwa ya janye, da yawa suka tattara suka nufi arewa, su Shikago, suka tafi da kiɗansu, a can aka haɗa shi da lantarki, shi ne kuma yaran Ingila irin su Page suka saya a faifai suka koya. Waƙar ba ta zagi kowa ba. Mutum ne zaune a kan jinga yana kallon ruwa na hauhawa, ya san kuka ba zai tare shi ba. Wanda ya ga Maiduguri a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ba ya neman tafinta.

Abin da Led Zeppelin suka ƙara mata shi ne ganga. Suna aiki a wani tsohon gini a karkarar Ingila mai suna Headley Grange, wanda asalinsa gidan tsare matalauta ne a sa su aiki. Aka kafa gangunan makaɗinsu John Bonham a ƙasan matakala, injiniya Andy Johns ya rataye makirfo biyu can sama, ginin duka ya zama cikin ganga. Daga baya aka ɗan rage gudun tef ɗin, komai ya ƙara nauyi. In ka saurara, ba ka jin makaɗi yana nuna gwaninta, abin da kake ji wani abu ne mai nauyi yana tahowa wanda ba ya sauri kuma ba ya tsayawa. A nan ne kaɗai, cikin duk waɗanda na lissafa, kiɗan da maganar suke faɗin abu ɗaya. Ba za ka iya tallan wando da ita ba, ba za ka iya hawa mumbarin siyasa da ita ba. Na ji tsoronta ina yaro a soron Kawu tun ban san akwai wani kogi wai shi Misisipi ba.

Zuriya kuwa sai dai a ƙirga a gaji. Beastie Boys sun buɗe faifansu na 1986 da wannan gangar, suka ɗora mata gitar Black Sabbath, faifan ya zama na gambara na farko da ya hau saman jerin Billboard. Sunan waƙar tasu ma da Hausa shi ne rera baiti da sata, ba su ɓoye ba. Dr. Dre ya tsakure ta a 1992, Beyoncé ta tsakure ta a 2016. Ka duba tafiyar: kukan baƙar fatar Misisipi ya haye teku zuwa Ingila, aka sa masa ganga a gidan matalauta, ya dawo hannun jikokin masu kukan. Amma ko a nan, abin da aka tsakura ganga ce. Ambaliyar an bar ta a baya. Ko waƙar da na fi so ba ta tsira daga abin da nake faɗa ba.

Akwai bashi a cikin wannan labarin, kuma ba na son a wuce shi da murmushi. A "Levee" Led Zeppelin sun sa sunan Memphis Minnie cikin marubuta, wannan sun kyauta. A "Whole Lotta Love" ta 1969 kuwa sun kwashi kalmomin Willie Dixon daga waƙar da Muddy Waters ya rera a 1962 ba su ambace shi ba, sai da ya kai ƙara a 1985 aka sasanta a wajen kotu, sunansa ya shiga. Minnie ta mutu a 1973, bayan shekaru tana jinya ba ta da komai, kabarinta ba ko alama sai a 1996 da mawaƙiya Bonnie Raitt ta biya aka kafa dutse. Su kuwa a shekarar da ta mutu jirgin sama sukutum suke haya zuwa wasa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. In na faɗi haka Kawu yakan yi shiru, don ya san ba ƙarya, sai can ya ce ai ba don su ba da ni ma ban san sunanta ba. Wannan ma ba ƙarya ba ne, kuma shi ne abin haushin.

Da na huce, sai na ga bai kamata abin ya ba ni mamaki ba, don mu ma mun yi. Shekara nawa muka yi muna rera waƙoƙin finafinan Indiya ba mu jin ko kalma? Karin ya zauna, har masu bege da bandiri a Kano suka ɗora masa yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, 'yan fim kuma suka gina masana'anta sukutum a kansa. Jimi Hendrix, gwanin gita na Amurka, ya san wannan sirrin. Da safiyar Litinin 18 ga Agustan 1969, a taron Woodstock, ya kaɗa taken ƙasar Amurka da gita ba tare da ya furta kalma ba, ya cusa masa ƙarar jirage da fashewar bama-bamai da kururuwa. Tsohon sojan laima ne, baƙar fata, bahago. Babu layin da wani zai yanka ya yi talla da shi.

Sautin nan ya iso har maƙwabtanmu. Bombino na Agadas ya koyi wani ɓangare na hannunsa ne yana kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler lokacin gudun hijira. Mdou Moctar, shi ma Ba'abzine daga Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin sautin na'urar da mawaƙan finafinan Hausa ke gyara murya da ita, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahara. 'Yan jaridar Turai suna kiransa Hendrix na Sahara saboda shi ma bahago ne, lakabin da nake ganin ragwanci ne, don gwaninsa na farko Abdallah Oumbadougou ne, ɗan ƙasarsu. A faifansa "Afrique Victime" na 2021 yana kuka ne da abin da mulkin mallaka da masu kwasar arziki suka yi wa Afirka. Yana cika zaure a Amurka da Turai, Turawa na kaɗa kai, mafi yawansu ba sa jin Tamashek ko Faransanci, wani lokacin ma da gwamnatocinsu yake.

Ran Sallar da ta wuce na saka wa Kawu shi a waya. Ya karɓa ya kanga a kunnensa mai lafiya, ya rufe ido, yana buga gwiwa da yatsa har aka kai inda gitar ke haukacewa. Da ta ƙare ya ce, "Me yake cewa?" Na ce, "Wallahi Kawu ban ji ba, sai da na nemi fassara." Ya jinjina kai. Ya ce yaron ya iya, amma bai kai Page ba. Sannan ya miƙo min wayar ya ce in mayar masa ita daga farko.